Ya Sanar Da Rasuwar Matarsa, Na Amsa Masa Da Madalla

Inna Hassana, don girman Allah ki taimake ni, mako biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ina aiki a Gusau da wata ƙungiya mai koya wa manoma adana hatsi. Ni ke karɓar rahotannin ma'aikatanmu na Tsafe da Bunguɗu ta imel. Kin san manhajar imel ɗin nan tana jero gajerun amsoshi da Turanci a ƙarƙashin saƙo, dangwalawa kawai za ki yi ta tafi. To ni fa yatsana ya saba. Layin farko nake dubawa, in dangwala, in wuce.

Ran nan Malam Jatau, ma'aikacinmu na Bunguɗu, ya turo rahoton garin Nahuce. Dattijon nan shi ya koya mini aikin, 'yata yake ce mini. Ina cikin a-daidaita zan koma gida Damba na ga saƙon, na dangwala amsar da ke nufin madalla, na ji daɗin wannan labari. Ashe can ƙasa ya nemi afuwar jinkiri, ya ce Allah ya yi wa mai ɗakinsa rasuwa. Innalillahi! Kuma amsar ta je wa kowa a wurin aikinmu, mu goma sha ɗaya. Sai da abokiyar aikina Wasila ta kira ni tana salati sannan na sani.

Tun daga ranar bai ce mini uffan ba. Rahotonsa na gaba ya zo ba ko gaisuwa. Na rubuta ban-haƙuri ya fi sau bakwai ina gogewa. Wani lokaci haushin wayar nake ji, wani lokaci nasa, don me zai sa labarin mutuwa a ƙarƙashin maganar masara? Sai kuma kunya ta rufe ni. Shi kaɗai zan tura wa bayani, ko kowa da kowa? Wallahi tsoro nake kada in rasa shi.

Mai Rashin Sukuni, Damba

'Yata,

Ki zauna tukuna. Kuskure kika yi, ba mugunta ba. Gaskiya ne an ƙera manhajar don mai sauri, ita ba ta san zaman makoki ba. Amma yatsan naki ne, kada ki laɓe a bayan waya.

Shi kuma Malam, kawaici ya yi irin na dattawanmu, ya fara da aikin jama'a, ya bar nasa baƙin cikin a ƙarshe. Ni a ganina amsar ba ta yi masa ciwo kamar shirunki na mako biyu ba. 'Yarsa ba ta je ta'aziyya ba, abin da ya gani ke nan.

Kada ki ƙara rubuta wani imel. Ki shiga saitin manhajar ki kashe amsoshin nan, ki riƙa karanta saƙo har ƙarshe, ki duba sunayen da amsa za ta je wa kafin ki tura.

Gobe da safe ki ɗauki Wasila ku shiga motar Bunguɗu. Ki durƙusa ki yi masa ta'aziyya da farko, ki yi wa marigayiya addu'a. Bayan nan ki faɗi laifinki a taƙaice, ban da kame-kame. In ya yi shiru, ki jure, mutumin da ya binne matarsa ne.

Allah ya jiƙanta, ya sanyaya zuciyarsa, ke kuma ya kai ki lafiya.

Inna Hassana