Inna, Na Ba da Hannunki ga Baƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Kin san a nan Makka ba a barin mata shiga maƙabarta, shi ya sa na rubuto miki maimakon in zo. Akwai abin da na yi, kuma gara ki ji daga bakina.

Na koya wa wasu ɗora wa mai ciwo hannu. Ba 'yan gidanmu ba ne, ba ma Hausawa ba ne. Mata uku ne daga Japan, ma'aikatan jinya, Musulmai, sun zo umara.

Ban manta abin da kika ce ba a ɗakinmu na unguwar Utaibiyya, kwana biyu kafin rasuwarki: "Hannun nan na gida ne, Rabi. Ni daga uwata na karɓa, ke ki ba 'yarki."

To, Inna, na yi iya ƙoƙarina da jikarki Samira. Shekara tara ina binta. Kullum amsarta da Larabci take ba ni, wai wannan zancen mutanen da ne, wai yanzu akwai asibiti. Ba ta raina ki ba, zuciyarta ce ba ta wurin. Ni kuma na haura sittin, yatsuna sun fara ƙagewa da safe. Tsoro nake ji, wallahi, kar abin nan ya mutu a hannuna.

Ga yadda aka yi. Babbarsu, wadda ta zaɓi sunan Amina da ta musulunta, wuyanta ne ya riƙe bayan sa'ayi. Maƙwabciyata 'yar Maradi da ke shara a otal ɗinsu ta kawo ta wurina bayan la'asar. Na yi mata yadda kike yi, ta samu sauƙi. Kashegari sai ga ta da ƙawayenta biyu sun hawo matattakalar nan tamu suna haki, kowacce da littafi da biro. Ɗayarsu tana jin Larabci, ita ta yi mana tafinta. Jinyar tsofaffi suke yi a ƙasarsu, irin waɗanda magani ya gama yi musu abin da zai iya, ba kuma mai taɓa su sai da safar roba. Jin haka ne ya karya min zuciya.

Kwana biyar suna zuwa. Tun ranar farko na gaya musu wannan ba ya maye gurbin likita, kuma waraka ta Allah ce. Su a can suna da wani suna da suke kiran abin, wai ƙarfi ne da ke gudana a jiki. Na ce mu dai hannu muke ce masa.

Na nuna musu komai. A wanke hannu, a murza tafuka da man zaitun har su ɗauki zafi. A nemi izini kafin a taɓa mutum, ko da ba ya iya amsawa. A yi bisimilla, a ɗora, kar a danna. Sannan a jira har numfashinka da nasa su zama ɗaya. In za a ɗauke, a ɗauke a hankali, kamar mai sauke jaririn da ya yi barci.

Da kin sha dariya, Inna. Ina ɗora hannu sai na ga sun danna agogo. Wai minti nawa? Santimita nawa daga kafaɗa? Kai, mutanen nan da son aunawa! Na karɓe agogunan na zuba a kwanon sha, na gaya musu maganarki: "Mai duba agogo bai ɗora hannu ba, ajiye shi ya yi." Suka rubuta wannan ma.

Rana ta biyar ce ta ba ni wuya. Kin san ƙa'idarki: ba a sallamar ɗaliba sai ta ɗora wa malamarta. Ni na ɗora miki a tsakar gidanmu ina da shekara goma sha bakwai, kika ce, "Ya zauna." Tun da kika rasu ban bar kowa ya ɗora min ba. Samira nake ajiye wa wurin.

Na so in tsallake. Ai ba su san da ƙa'idar ba, da na yi shiru shi ke nan. Amma in na sallame su haka, rabin abu na ba su, kuma ke kin tsani rabin aiki. Na zauna a tabarma na juya wa Amina baya.

Ta nemi izini da Hausar da ta haddace, kalma biyu: "In taɓa?" Ban nuna mata ko'ina ba. Hannunta ya ɗan yi yawo, sai ya tsaya ƙarƙashin allon kafaɗata ta hagu, daidai inda kike ɗora min in na dawo daga aikin Arfa lokacin hajji. Ba ta danna ba, ba ta yi gaggawa ba. Ɗumin nan naki ne, Inna, na san shi. Na yi kuka a gaban baƙi, ban ji kunya ba.

Da ta ɗauke, na ce mata, "Ya zauna."

Sun koma ƙasarsu makon jiya. Na saɓa maganarki, ba zan ɓoye ba, kuma ina neman gafararki. Har yanzu ƙofa a buɗe take wa Samira. Amma yanzu in na tafi, ba zan tafi da shi ba. Wata tsohuwa a can, wadda ba ta taɓa jin sunanki ba, za a nemi izininta a taɓa ta da hannu mai ɗumi.

Allah Ya kai ladan kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya haɗa mu a gidan da babu ciwo. Amin.

Taki mai kewarki,
Rabi