Ƙullin da Aka Samu a Bishiyar Ulu

Upolu, 21 ga Oktoba

Yaya Pelenato,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan sanyin Auckland bai taɓa maka ƙirji ba. Inna tana gaishe ka. Tunda wayarka ta ɗauki halin mai ita, a kira ta yi shiru, na koma takarda. Zan cusa ta a kwalin gwazar da muke aiko maka. In ka ƙi karantawa, ka dai ci gwazar.

Yau kwana ashirin da biyu da teku ya hau tudu. Masu nema sun tattara karnukansu sun tafi. Kai ma kwana tara ka yi kana ɗaga kwanon rufi da kututturen kwakwa, sannan ka hau jirgi ko sallama babu. Ba a ga 'yarka Leata ba, Yaya. Na rubuta ne don ni da kai mu gan shi a rubuce.

Farar rigar da ka aiko wa 'yarka ta Lahadin Yara ta iso bayan tafiyarka. Lahadin ta zo, yaran da suka rage suka sa fari, muka ba su abinci kafin manya kamar kullum. Rigar tana nan a ledarta.

Inna tana ganin ta a mafarki. Wai tana tafe a bakin ruwa, gashinta na ɗiga, tana leƙa gidaje ɗaya bayan ɗaya, amma duk mun koma kan tudu, ba ta san hanya ba. Ka san abin da Inna ke so, irin wanda aka yi wa ƙanen Baba da kwalekwalensa ya dawo babu shi. A je inda ran mutum ya fita, a shimfiɗa farin ƙyalle, a kira sunansa, a zauna. Abu mai rai na farko da ya hau ƙyallen, ko tururuwa ko ƙadangare, a naɗe shi a kawo gida a binne a ƙofa. Ba mu san inda ruwa ya same ta ba, Inna ta ce sai mu gwada bakin teku. Amma kai ne uba, ba za a yi ba sai da bakinka.

Ɗana Fiti yana ci yana barci, sai dai har yau bai ce uffan ba, kuma hannuwansa a dunƙule suke, ko a barci ba ya buɗe su. A baki nake ba shi abinci. Mutane suna ta zuwa ganin sa har daga Apia, babban birni: yaro ɗan shekara uku da aka tarar ɗaure a reshen bishiyar ulu ta bayan gidanmu, mai manyan 'ya'yan nan da muke gasawa mu ci, ruwa ya kai masa wuya ya koma. Fasto ya ce ba hannun ɗan Adam ba ne, mala'ika ne.

Ka ba ni amsa. Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Taualai

Auckland, 2 ga Nuwamba

Taualai,

Na gaishe ki, na gaishe da Inna. Gwaza ta iso, rabi ta ruɓe.

Amsata ita ce a'a. 'Yata ba tururuwa ba ce. Ranar Lahadi ku yi waƙa cikin fararen kaya, ranar Litinin ku zauna gadin ƙadangare, ku dai zaɓi ɗaya.

Shi kuma mala'ikan naku, ki tambayar mini Fasto, hannu ɗaya gare shi? Yara biyu ne a gidan. Ko ya gaji ne da ya ɗaure na farko? A nan ma labarin ya ishe ni. Kowace Lahadi sai an tashi a coci an ba da shi, a juyo a kalle ni, wai kawun yaron ne. Na daina zuwa. Ba na jin haushin Fiti, Allah ya sani. Amma kwana taran nan ban iya kallon sa ba, bishiyar ma ta baya nake zagaye ta.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, kuma in kika yi dariya kin san sauran. A ɗakin sanyin da muke jera kifi akwai wani inji mai ƙara kamar ruwa yana ja da baya a kan tsakuwa. In na daɗe a ciki sai in ga wani tsibiri ƙarami, kwakwa bakwai, ba hayaƙi ba kare. Tana zaune tana fasa kwakwa da hagunta, ta yi baƙi, tana jiran jirgi. Leata ta fi ni iyo tun tana shekara takwas. An sha tsintar masunta bayan wata biyu a ruwa. In kuka shimfiɗa ƙyallen nan, kun ce ta mutu ke nan, ni kuwa ban ce ba.

Ki ajiye rigar. In ta dawo ta yi mata kaɗan, sai a saki kalmasar.

Ki kula da ƙafar Inna.

Yayanki,
Pelenato

Upolu, 15 ga Nuwamba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ban yi dariya ba. Amma kai da ba ka yarda da mala'ika ɗaya ba, ka gina tsibiri guda har da kwakwa bakwai. Sannu da ƙoƙari.

Kana tsammani ni daɗi nake ji? Safiyar ranar ni na ce wa Leata, "Riƙe mini ƙanenki, zan hau gona in ciro gwaza, yanzu zan dawo." Ta ce, "Gwaggo, zan makara makaranta." Na ce, "Makarantar ba gudu za ta yi ba." Maganata ta ƙarshe da ita ke nan. Ina kan tudu ƙasa ta girgiza, na tsaya ina kallon teku yana janyewa, kifaye suna tsalle a kan yashi, shiru kamar an toshe mini kunne. Daga nan ban san da wace ƙafa na sauko ba.

Tun da uwarta ta rasu ka bar mini ita, a gadona ta girma. Yanzu mata suna riƙe mini hannu suna cewa, "Ke Allah ya so." In na buɗe baki zan ce na gode, sai in ji kamar ina gode masa ne da ya ɗauki taka ya bar nawa. Ina motsa leɓe a coci, amma ba na waƙa. Wani lokaci da rana tsaka nakan ga inuwar bishiyar ulu ta yi kamar tana da mutum biyu a kai, in na matsa sai ganye.

Da aka sauko da Fiti ba a kwance igiyar ba, yanke ta aka yi ta baya. Fasto ya sa ta a akwatin gilashi kusa da bagade, mutane suna taɓa gilashin suna shafa wa marasa lafiya. Wata shuɗiyar igiyar komar kamun kifi ce, ba ta kai gaba biyu ba. An buga hotonta a kati ana rabawa. Ga ɗaya nan na sa maka, in ka ga dama ka hura wuta da shi.

Inna ta daina tambayar amsarka, sai dai kullum tana ajiye kwano ɗaya a gefe.

Allah ya sanyaya mana.

Taualai

Auckland, 27 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Na jefa katin a kan tebur, kwana uku yana ƙarƙashin kofin shayi. Jiya na ɗaga kofin, idona ya faɗa kan ƙullin.

Taualai, ƙullina ne. Ki je ki duba, bakin igiyar ta hagu ya fito, ba ta dama ba. A ƙauyenmu bahagwai biyu ne suka taɓa ɗaure kwalekwale, ni da wadda na haifa. Ni na koya mata a jikin turken da ke gaban gida, lokacin da na zo hutu bara. Takan zagaya sau ɗaya ta ƙulla ta ruga wasa, ni kuma in kira ta. "Dawo nan, malalaciya. Sau biyu ake zagayawa." Ta ce, "Baba, ai ɗaya ma ya riƙe." Na ce, "Ya riƙe a tudu. Ruwa ba ya jin ai." Sai da na sa ta ta yi kuka ranar.

A hoton sau biyu ta zagaya.

Na sami igiya a wurin aiki na auna gaba biyu, na gwada a jikin ƙarfe da buhu mai girman Fiti. Na gwada ya fi sau ashirin. In aka zagaya sau ɗaya, igiyar ta isa mutum biyu. In aka zagaya biyu, ta yaro ɗaya ce. Ta goya shi ta hau, ta ɗaure shi yadda ubanta ya ce, ita kuma ta riƙe reshe da hannu.

Ga mala'ikanku nan. Shekararta goma sha ɗaya, tana cizon farce, ba ta son kabewa. Ki gaya wa Fasto ya fitar da igiyar 'yata daga gilashi.

Yau na shiga ɗakin sanyi, injin yana ta ƙararsa, na jira tsibirin bai zo ba.

Ki ce wa Inna ba bakin teku ba ne, gindin ulu ne. Ku shimfiɗa, da rigar ma in kuna so, ai fara ce. Ni ba zan zo in zauna jiran ƙwaro ba, ban yarda da shi ba. Don Inna ta sami barci na ce a yi.

Pelenato

Upolu, 9 ga Disamba

Yaya Pelenato,

Gaisuwa irin ta kullum, da ta Inna. Na karanta, na fita bayan tanti na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Na je wurin Fasto. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "Ni dai ban taɓa cewa na ga fuskar mala'ikan ba. Amma ki gaya mini, wa ya tsayar da hannun yarinya ƙarama, ruwa na tahowa kamar dutse, har ta zagaya sau biyu?" Na ce, "Ubanta ne, Fasto, da masifarsa." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya buɗe akwatin da kansa ya ba ni igiyar. Wasu matan sun ji haushi, wai na rage wa Allah aiki.

Shekaranjiya da la'asar muka sauka, ni da Inna da Fiti. Wurin duk ya yi fari da gishiri, ciyawa ta ƙone, ulun ce kaɗai ta fara sabon toho. Na buɗe ledar na shimfiɗa rigar a gindinta. Inna ta yi addu'ar Ubangiji tukuna, don kada ka ce, sannan ta kira: "Leata, zo gida. Kakarki ce. Zo, rana ta yi sanyi."

Muka zauna. Yaya, ka san tururuwar ƙasar nan, ko ɗigon shayi ba ta bari. Ko ɗaya ba ta zo ba. Gishiri ya kashe komai. Inuwa ta tashi daga kan rigar ta koma kan ƙafafunmu, teku yana ta numfashi a hankali kamar bai taɓa yin komai ba. Na ce a raina, Yaya ya yi gaskiya, mu uku ne kawai muke zaune gaban riga.

Sai Fiti ya zame daga cinyata. Na kai hannu, Inna ta riƙe ni. Ya taka ya hau rigar, ya kwanta a kanta, ya sa kunci a daidai ƙirjinta. Ya daɗe a haka har na zaci barci ya yi. Can na ga yatsunsa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, tafin hannun duk shatin farce. Ya ɗago ya dube ni, muryarsa a dushe, ya ce, "Mama, Leata ta ce in saki."

Ban san ko tuna wata magana ya yi ba, ko a lokacin ya ji ta. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba.

Inna ta naɗe shi da rigar, shi ne abu mai rai na farko, ta rungume shi, sannan ta zare shi ta miƙo mini. Ta ninke rigar da ɗuminsa a ciki, ta ɗaure da shuɗiyar igiyar. Ita ta ɗauko ta har kan tudu, tana tafe tana faɗa mata hanya: nan ne kwana, nan ne famfo, ga tantinmu. Washegari ta tashi ta ce ba ta yi mafarkin komai ba.

Ban zo in ce ka yarda ba, ni ma ban san sunan abin da na gani ba. Za mu binne ta ranar Asabar a gaban sabon gida. Fiti yana cin abinci da hannunsa.

Ƙanwarka,
Taualai

Auckland, 11 ga Disamba

Taualai,

Na gaishe ku. Na ba mai jirgin safe wannan, wayarki ba ta shiga.

Ban ce na yarda ba. Amma kada kowa ya taɓa shebur, ni zan haƙa. Ina isowa Laraba.

Ƙullin Inna ba ya riƙe ko kaza. Ku bar mini shi in sake.

Yayanki,
Pelenato