Ni Na Wanke Soson, Amininsa Ake Zargi

Anti Ikilima, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarna kuma wani bawan Allah ne ke ɗauke da laifin.

Tun da maigidana ya yi ritaya daga koyarwa ya sayo akwatin gilashi na kifin ado ya girke mana a falo. Ya zuba tsakuwa da ruwa, ya jona wani ɗan injin tace ruwa mai soso a ciki. Kifi kuwa babu, yau sati huɗu. Kullum da safe sai ya barbaɗa abincin kifi a ruwan da ba kowa, ya ɗiba a 'yan kwalabe, ya ɗiga magani, ya tsaya bakin taga yana gwada launin da wata takarda. Ranar da wata kwalba ta yi shuɗi garau, ko ranar sunan 'yarmu bai yi murna haka ba. Maƙwabciyata har ta ja ni gefe tana tambayar ko wani malami ne ya ba shi aikin.

To, ran Juma'a za mu yi baƙi. Na leƙa na ga soson nan ya yi baƙi yana yauƙi. Yana fita masallaci na ciro shi, na wanke tas da omo da ruwan famfo, na mayar. Bayan kwana biyu gwajinsa ya birkice. Yanzu ya dage cewa magungunan gwajin da amininsa Malam Zakka ya kawo masa jabu ne. Shekara talatin suna tare, Malam Zakka ne ma ya koya masa harkar, amma maigidan ya daina ɗaga wayarsa. Abin kunyar, Anti, har taya shi nake, ina cewa mutanen yanzu ba amana. In faɗa masa?

Uwar Humaira, Tirwun

Uwar Humaira, ba soso kika wanke ba, gari guda kika tasa. Maigidanki ba ruwa yake gadi ba. Ƙwayoyin bakteriya yake reno a cikin yauƙin nan, su ke mayar da amoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta zama wata gubar mai suna naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. Sai gwaji ya nuna biyun farko sun koma sifili ake sa kifi. Omo da kulorin ɗin ruwan famfo sun gama da su, shi ya sa gwajin ya koma farko.

Shi ma da nasa. Wanda ya yi shekaru yana bayani a aji bai kamata ya bar matarsa da maƙwabta cikin duhu ba. Amma wanke soso kuskure ne, barin a zargi Malam Zakka kuwa zalunci ne.

Ki faɗa masa yau, bayan ya ƙoshi. Dole ma ya sani, don ragowar omo na kashe kifi. Ya sauya ruwan da soson, ya ci gaba da gwajinsa. In yana son abin ya yi sauri, ya roƙo guntun tsohon soso daga akwatin amininsa. Ki raka shi, haƙurin farko ke za ki bayar.

Allah Ya daidaita ku, Ya raya kifin in sun iso.

Anti Ikilima