Zumar da Ta Rikita Likita

Zuwa ga Batulu, sanyin gulbi a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da nake hutawa, farin watan Bagudo. Gaisuwa da bege daga gadon asibiti.

Uwargida, yau ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara wurinki. Sau uku likita yana ɗibar jinina, sau uku yana dafe kai. Idona ya yi rawaya, na rame, jinin kuma cike da zaƙi. Wai wannan kama abu uku ke kawo ta: shawara, ko tsakuwa a maɗaciya, ko mugun ƙari da ke ɓuya bayan tumbi. Na farko jinya ce, na ƙarshen sai an kai ni Ikko an yi mini fiɗa, in ma lokaci bai ƙure ba. Ya tsare ni da tambayar abin da nake sha a ɓoye. Na kawar da zancen, don ban saba tona asirinki ba.

Amma ni da ke mun san gorar furar da Hassan ƙanenki ke kawowa kowace Laraba. Zuma ce rabinta, sauran jiƙon rawaya da saiwoyin da kika sayo a kasuwar Lolo. Wa ya isa ya ƙi abin da hannunki ya dama?

Kin tuna ranar da muka dawo daga Dahomey cikin kwalekwale, shekarar da aka sauke tutar Turawa? Kika kamfato ruwa da tafi, kika ce in faɗa miki wanne ne na kogin Kwara, wanne ne na rafin garinku. Na kasa, kika yi ta dariya har mai tuƙi ya harare mu. To, bawan Allah likita ma nan ya tsaya. Ya kasa raba ciwona da ƙaunarki.

Don Allah, hasken idona, ki tsayar da gorar nan kwana goma, jinin ya kwanta ya faɗi gaskiya. Ki sa Malami mai rubuta miki wasiƙa ya rubuto sunan kowace saiwa, kada ki ɓoye ko ɗaya. Ina tsoro, Batulu, ba zan ɓoye miki ba. Amma gara in san sunan abokin kokawata.

Ran Laraba ki zo da kanki, hannu rabbana. Ganinki ne kaɗai maganin da ba ya fitowa a kwalbar likita.

Naki, ko mi jinin ya faɗa,
Na'Allah