Nasiru ya ƙi wasan taubashi

Laraba da dare, unguwar Sanyuanli, ƙasar Sin

Raina a ɓace yake, ko shayi na kasa sha.

Nasiru ɗana ya zo hutu daga jami'a, na tafi da shi kasuwar Shiling duba jakunkunan da zan sara. Duk hanya labarin karatunsa yake ba ni: tsofaffin littattafan Girkanci na Rumawa, da yadda limaman cocinsu suke ƙirga dangantaka hawa-hawa don a san wanda aure ya haramta tsakaninsu.

A bakin wani shago muka haɗu da Iliya na Maraɗi, ɗan ƙanwata Hajara. Ina cewa, "Ga Nasiru," sai Iliya ya fizge masa hula yana dariya. "Taubashi! Kai ne mai karatun matattu? Zo ka ƙwata!"

Yaron nan ya murtuke, ya ce da Turanci ba ya son raini, a ina suka san juna? A gaban Sinawa! Iliya ya kakkaɓe hular, ya miƙa masa da hannu biyu kamar baƙo. "Yi haƙuri, laoban." Wato "maigida" da Sinanci. Ya juya, ko sallama bai yi mini ba.

Tun rasuwar Hajara ni kaɗai nake riƙe da zumuncin nan tsakanin Kano da Maraɗi. Nasiru ya san ɗan gwaggon sarkin Rum, bai san nasa ba. Wai, "Baba, ai ba a gaya mini ba." Ƙarya ne! Na sha gaya masa yana latsa waya.

Gobe da sassafe zai je masaukin Iliya ya ba shi haƙuri. In ya ƙi, ya nemi wani uban a cikin littattafansa.