Ƙafar Tansi

Saskatoon, 3 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da tumaki kuna lafiya. An karɓi karyarka Tansi cikin gwajin da muke yi a asibitin dabbobi. Mun ɗebi jininta, muka juya shi a inji har ya rabu, muka zuba ɓangaren da ke taimaka wa rauni warkewa a inda ƙashin ƙafarta da ya karye ya ƙi haɗewa. Gwaji ne fa, ba alkawari ba. In mako takwas ya cika bai kama ba, sai an yanke ƙafar.

Gobe Yaya Orval zai kawo maka ita. Ta zauna a keji, ba gudu, ba tsalle. Na san halinka, Baba.

'Yarka, Lorna

9 ga Yuni

Lorna 'yata,

Ina gaishe ki, sarauniyar doka. Mako biyar ina yi miki biyayya, jiya na yi ɓarna. Tumaki suka fasa shinge suka nufi titi, bakina ya riga hankalina, na yi fito. Shekara tara Tansi tana kiwo da fiton nan! Ta ture ƙofar keji, ta haure katanga, ta tattaro su tas.

Yanzu tana kwance tana lasar ƙafar, ta ƙi taka ta. In aka yanke ƙafar nan, ni na yanke ta. Orval na tafe da ita. Kada ki ɓoye mini komai.

Mahaifinki, Wendel

11 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa, amma haba Baba! Sai da na fita waje na huce kafin na gama karanta wasiƙarka.

Yau aka ɗauki hoton ƙashin. Likita Friesen ta daɗe tana duba shi. Ya kama, Baba. Sabon ƙashi ya cike gurbin, tsallen bai gusar da shi ba. Ɗingishin kuwa, guntun waya ne ya soke ta a tafi. Ko jinin ne ya yi aikin, ba mu da tabbas sai an gama da sauran karnukan.

Saura mako uku a keji. In za ka fita wajen tumaki, ka cika bakinka da burodi.

Ka huta lafiya,
Lorna

13 ga Yuni

Lorna,

Sannu da ƙoƙari. Tansi ta iso. Na zauna a ƙasa jikin kejin, tsofai-tsofai da ni, ina ta kuka tana lasar hannuna.

Ƙafa huɗu, Lorna. Sai da na ƙirga.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki