Mai Jirgin Ruwa da Baffan Gagarawa

Zuwa ga mahaifina, Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka, amma jiya na yi ta dariya ni kaɗai saboda kai.

Ina gyaran ɗaki ne na ci karo da faifan wasan nan na kwamfuta, na mai jirgin ruwa da yake neman ƙaninsa a wani tsibiri.

Ka tuna shekarar da ka yi ritaya daga sakatariya? Masu sallama da kai suka ɗauke ƙafa. Ka koma zaman zaure, ba ka ko kunna rediyo. Umma ta damu ƙwarai. A lokacin ne na kawo tsohuwar kwamfutar ƙawata daga wani shago da aka rufe a nan Gumel, da faifan a cikinta.

Da farko ka ce shirme ne. Kwana uku kana leƙe ta bayana, rana ta huɗu ka jawo kujera. Ni ke riƙe da linzamin kwamfutar ina danna duk abin da ka nuna, kai kana karanta Turancin kana fassara mana da muryar mai labarai.

Rigimarmu ɗaya ce. A wasan sai mutum ya kwashi duk abin da ya gani: igiya, tsani, har cokalin mutane. Kai kuwa ka hana. "Rabi, mayar musu, wannan ai sata ce." Sai da na rantse maka cewa aro ne.

Mako biyu wani mai gadi a cikin wasan ya tsare mu a ƙofar ganuwa. Ka buɗe masa fayil guda, kana rubuta duk abin da muka gwada. Umma ce ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Ku ba ku ga mutumin nan yunwa yake ji ba?" Muka miƙa masa kifin da muke ta yawo da shi, ya buɗe. Har ka rasu ba ta daina yi maka gori ba.

Ranar da muka gama, da la'asar ne. Mai jirgin ya sami ƙaninsa, suka rungume juna. Na juyo ina murna na ga ka cire tabarau kana gogewa.

Washegari ka sa babbar riga ka hau mota zuwa Gagarawa, wurin ƙaninka Baffa Isa, wanda kuka yi shekara shida ba kwa magana saboda gonar gado. Da yamma kuka dawo tare, kuna musu a kan wanda ya fi tsufa a fuska.

Baba, ban taɓa gaya wa Baffa abin da ya kai ka ba. Har yau cewa yake mafarki ka yi. Duk Juma'a yana zuwa gaida Umma, da ƙullin gyaɗa ko riɗi, ya zauna a zaurenka yara su kewaye shi. Wannan Juma'ar zan gaya masa gaskiya, na san zai yi dariya har hularsa ta faɗi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya haɗa ka da ƙaninka da mu duka a Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Rabi